Gilashin Leningirad da Kwalbar da Aka Bari ta Kwana

Marini ya san abu ɗaya da ba ya shakka a kansa: launi daga abin da aka zuba yake fitowa. Baba shuɗi yake bayarwa, karan dafi ja, gangamau rawaya. In kana son wani launi, sai ka sake kayan rini. Ka daka baba har ya fi garin tuwo laushi, ka tankaɗe shi sau goma, ba zai rikiɗa ya ba ka ja ba. Haka masana kimiyyar sinadarai su ma suka ɗauka tsawon zamani, sai dai su da nasu bayanin: halin kowane abu, har da launinsa, yana biye da irin ƙwayoyin zarrar da aka gina shi da su da kuma yadda suka jeru. Yawa ko ƙanƙanta ba sa shiga lissafi. Gishirin da ya cika buhu da wanda ya maƙale a bakin allura duk gishiri ne.

To amma yau akwai ɗakunan bincike da za a jera maka ƙananan kwalabe shida a kan tebur, a kashe wuta, a haska su da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Ta farko sai ta kama da shuɗi, ta biyu kore, sannan rawaya, ruwan goro, ja, har ja mai duhu. Ka tambayi abin da aka zuba a kowace, a ce maka abu ɗaya ne: haɗin kadmiyum da seleniyum, wanda in ka gan shi a dunƙule baƙi-baƙi ne, ba shi da wani kyan gani. Bambancin kawai girman ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwan. Na kwalbar farko faɗinsu wajen nanomita 2 ne, na ta ƙarshe 6 ko 7. Nanomita kuwa, ka ɗauki milimita ɗaya, ɗan tsakanin zane biyu a jikin rula, ka raba shi gida miliyan. Kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 50,000 ko fiye. Waɗannan ƙwayoyi su ake kira ɗigon kwantum, kuma labarinsu daga tanderun gilashi ya faro.

Masu narka gilashi sun daɗe da sanin wani abu da suka kasa bayaninsa. Akan zuba haɗin kadmiyum da farar wuta ko seleniyum cikin narkakken gilashi, ya huce, ya fito kusan ba launi. Sai an sake mayar da shi wuta launi ke bayyana, kuma ya danganta da zafin wutar da daɗewarsa a ciki: wannan karon rawaya, wancan ruwan goro, wani ja. Kayan haɗi ɗaya, awo ɗaya. Masu sana'ar sun riƙe abin a matsayin sanin hannu, kamar yadda maƙeri ke gane lokacin tsoma ƙarfe a ruwa daga kallon jansa. Masana sun kai ga gane cewa wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke tsirowa cikin gilashin, suka yi ta amfani da shi wajen tace haske a na'urorinsu, suka tsaya nan.

Wanda ya ƙi tsayawa nan shi ne Alexei Ekimov, haifaffen Leningirad a 1945. Ya yi digirin digirgir a Cibiyar Ioffe a kan semikwandakta, wato abubuwan da ke tsakanin ƙarfe, mai barin lantarki ya wuce, da roba, mai tare shi. Silikon ɗin da ke cikin kowace waya da kowane faifan sola ɗan wannan gida ne. Aikin Ekimov shi ne ya haska irin waɗannan abubuwa ya auna wane haske suka haɗiye, wane suka bari, domin daga nan ake karanta tsarin cikinsu. Da ya koma Cibiyar Vavilov, babbar cibiyar binciken haske da gilashi ta Tarayyar Sobiyet, sai ya iske wannan tsohuwar matsala tana jiransa. Abu ɗaya ya ba da launi uku? Ga wanda ya san semikwandakta, wannan magana ba ta shiga kai.

Shi da abokin aikinsa Alexei Onushchenko suka zaɓi haɗin jan ƙarfe da kilorin, suka narkar da shi cikin gilashi. Suka yanka gilashin gunduwa-gunduwa, suka riƙa gasa kowace daban: zafi daga digiri 500 zuwa 700, lokaci daga awa 1 har awa 96, wato kwana huɗu cur. Da suka duba da hasken eksire, irin na hoton ƙashi, sai ga ƙananan kiristal sun tsiro a ciki, ƙwayoyin zarra a jere tsaf kamar na gishiri. Gunduwar da ta sha wuta kaɗan, nata wajen nanomita 2. Wadda ta daɗe cikin zafi, nata sun kai 30. Daga nan suka sanyaya gunduwoyin da ruwan heliyum har digiri 269 ƙasa da sifiri, don awon ya fito tas, suka haska su.

Manyan ƙwayoyin sun haɗiye haske daidai yadda littafi ya ce. Ƙananan kuwa sun kauce, kuma ba kaucewar ganin dama ba: iya ƙanƙantar ƙwaya, iya matsawarta zuwa ɓangaren shuɗi. Wani abin dariya shi ne, wannan haɗi da suka zaɓa a can gefen hasken da ido ba ya gani yake aikinsa. Mutumin da ya warware sirrin launin gilashi bai ga launin da idonsa ba. Layi ya gani yana gusawa a takardar na'ura. A 1981 suka buga sakamakon a wata mujallar fiziks ta Sobiyet, cikin 'yan shafuka.

Me ke faruwa a ciki? A semikwandakta, ilektaron yana zaune ne a ƙasa, kuma akwai giɓi tsakaninsa da matakin da zai iya yawo. In haske mai isasshen ƙarfi ya buge shi sai ya tsallake, ya bar gurbi a baya. In ya faɗo ya koma gurbin, sai ya amayar da ƙarfin a matsayin haske, kuma faɗin giɓin ne ke yanke launin: babban giɓi shuɗi, ƙarami ja, domin shuɗin haske ya fi ja ƙarfi. A dunƙulen abu giɓin nan a kafe yake, shi ya sa marini yake da gaskiya. Sai dai tun shekarun 1920 aka san cewa ilektaron ba ɗan tsakuwa ba ne kawai, yana da halin kaɗawa irin na tsirkiya. Duk wanda ya kalli mai garaya ya san sauran: in ya danne tsirkiya da yatsa ya gajarta ta, sauti sai ya haura. Ilektaron da gurbinsa suna da ɗan filin da suka saba zagayawa, a haɗin kadmiyum da seleniyum bai wuce nanomita 5 ko 6 daga tsakiya ba. In kiristal ɗin ya fi wannan fili ƙanƙanta, an danne tsirkiya ke nan. Giɓi ya buɗe, launi ya haura zuwa shuɗi. Kuma haurawar da gudu take: ka rage faɗin ƙwaya da rabi, ƙarin ƙarfin da matsin ya jawo ya ninka wajen sau huɗu.

A takarda, wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1937 Herbert Fröhlich, Bajamushen da ya yi hijira zuwa Ingila, ya lissafa cewa ƙwayoyi masu tsananin ƙanƙanta za su saɓa wa halin iyayensu. Abin da aka rasa shi ne hannun da zai ƙera su. A shekarun 1970 an iya shimfiɗa siraran fallaye masu kaurin 'yan nanomita, aka ga alamar matsin, amma sai da injuna masu tsadar gaske, kuma ta fuska ɗaya kawai aka matse ilektaron. Gilashin Ekimov ya matse shi ta ko'ina, da tanderu kawai. Lissafin da ya ɗaure zancen kuwa wani matashi ne a Cibiyar Ioffe, Alexander Efros, ya yi shi tare da ɗan'uwansa Alexei Efros, suka buga a 1982. Su suka rarrabe abin da ke faruwa in ƙwayar ta fi filin ilektaron girma da kuma in ta gaza shi. A riƙe sunan Alexander, za mu komo kansa.

Lokacin yaƙin cacar baka ne. Akan fassara mujallun Sobiyet zuwa Turanci, amma a makare, kuma mai binciken sinadarai a Amurka ba shi da dalilin leƙa mujallar fiziks ta Rasha don neman labarin gilashi. Saboda haka Louis Brus bai san komai game da Leningirad ba lokacin da nasa abin ya same shi.

Brus, haifaffen Cleveland a 1943, ya yi aikin sojan ruwa a ɗakin binciken rundunar da ke Washinton kafin ya koma Bell Labs a 1973, gidan da aka ƙirƙiro taransisto a 1947. Ba launi ya fita nema ba. Zamanin tsadar mai ne, masana da yawa na neman yadda hasken rana zai tuƙa haɗin sinadarai, shi kuma yana gwaji da ƙwayoyin kadmiyum da farar wuta a cikin ruwa. Yakan yi su ƙanana ƙwarai, don dalili mai sauƙi: daka abu na ƙara masa fuskar da zai yi aiki da ita, kamar yadda dakakken sukari ya fi mai ƙwaya saurin narkewa. Sai ya lura cewa ruwan da aka haɗa yau da wanda ya kwana a kan benci ba sa amsa haske iri ɗaya.

A nan nake ganin darajar mutumin. Ɗalibai nawa ne za su ce kayan sun lalace, kamar kunun da ya kwana, su tuttular su dama sabo? Brus da abokan aikinsa suka auna. Sababbin ƙwayoyi wajen nanomita 4.5 ne. Waɗanda suka kwana sun kumbura zuwa 12.5, domin a cikin ruwa kashin dankali ake yi: ƙanana na narkewa, manya na lashe abin da suka saki. Manyan sun haɗiye haske kamar dunƙulen kadmiyum da farar wuta, rawayan nan da masu zane suka daɗe da sani. Ƙananan sun matsa zuwa shuɗi. Ya buga wannan a 1983, ya bi shi da lissafinsa a shekarar da ta biyo. Sai bayan haka fassarar aikin mutanen Leningirad ta zo hannunsa, ya ga ashe an riga shi da shekara biyu.

An riga shi, amma abin da ke hannunsa ya fi na Ekimov amfani ta wata fuska. Ƙwayoyin Ekimov a kurkuku suke, gilashi ya daskare a kansu. Na Brus a ruwa suke: a zuba, a tace, a busar, a shafa a jikin wani abu. Matsalar ita ce ba su da kyau. A kwalba ɗaya za ka sami manya da ƙanana da matsakaita, wasu da tabo a tsarinsu, kuma tunda kowane girma da launinsa, abin da ke fitowa gauraye ne, kamar makaɗa hamsin kowa da ɗaurin gangarsa. Shekaru kusan goma aka yi ana wannan fama. Sunan ɗigon kwantum ma daga wani ɓangare ya fito, wajen Mark Reed na kamfanin Texas Instruments, wanda ke sassaƙa nasa ɗigon daga faifan semikwandakta.

A 1988 wani sabon dakta ya zo neman ƙwarewa wajen Brus. Sunansa Moungi Bawendi, an haife shi a Faris a 1961, mahaifinsa masanin lissafi ne ɗan Tunisiya, kuma ya yi ƙuruciya tsakanin Faransa da Tunisiya kafin iyalin su koma Amurka. Shi da bakinsa ya ba da labarin jarrabawarsa ta farko ta kemistiri a Jami'ar Harvard: maki 20 cikin 100 ya samu, shi ne na ƙarshe a aji. A sakandare bai saba zama ya yi bita ba, yana ci haka nan, sai jami'a ta nuna masa iyakarsa. Ya koyi karatun jarrabawa daga tushe, abin bai sake faruwa ba. A 1990 ya buɗe nasa ɗakin bincike a jami'ar MIT, ya tafi da matsalar Brus a aljihu.

Maganin da shi da ɗalibansa biyu, Christopher Murray da David Norris, suka buga a 1993, manomi zai riga kowa fahimtarsa. Gonar da aka shuke rana ɗaya bayan ruwan shuka, geronta kai ɗaya yake tashi. Wadda aka yi ta shukawa yau kaɗan, jibi kaɗan, har mako uku, wani na fitar da kai wani bai kai gwiwa ba. A tsofaffin hanyoyi haka ake yi: sababbin ƙwayoyi na ta haihuwa alhali na farko sun yi nisa da girma. Tun 1950 Victor LaMer na Jami'ar Columbia ya nuna cewa in ana son ƙwayoyi su zo daidai, dole a raba lokacin haihuwa da lokacin girma. Yadda za a yi hakan da semikwandakta shi ne ya gagara.

Ga yadda suka yi. A zuba wani sinadari mai maiƙo a kwalba, a kore iska, a dafa shi har wajen digiri 300. A cika sirinji da haɗin kadmiyum da na seleniyum masu sanyi. A danna sirinjin gaba ɗaya, bugu ɗaya. Cikin ƙiftawar ido ruwan ya cika ya batse da kayan gini, ƙananan 'ya'yan kiristal ba adadi suka ɓarke lokaci guda. Amma abin da aka tsiyaya mai sanyi ne, don haka zafi ya faɗo nan take zuwa wajen 180, haihuwa ta tsaya cak. An rufe shuka. Daga nan sai a riƙa ƙara wuta sannu a hankali, zuwa 230 ko 260, zafin da ya isa waɗanda aka haifa su girma amma bai isa a haifi sababbi ba. Mai aikin na tsaye yana kallo: ruwa ya yi rawaya, ya koma ruwan goro, ya yi ja, ya doshi baƙi. Yana ɗibar ɗan kaɗan yana aunawa, in girman da yake so ya yi sai ya sauke daga wuta. Wanda ya taɓa dafa alewa ya san irin wannan tsayuwa.

Shi kuma sinadarin mai maiƙo ba ruwan dahuwa ba ne kawai. Yana manne wa jikin kowace ƙwaya, ya saki, ya sake mannewa, yana rage mata saurin ci, yana kuma hana ta haɗewa da maƙwabciyarta, kamar garin da ake birgima fura a ciki don kada curi ya kama curi. Zafin kuma na ba ƙwayoyin zarra damar gyara zama, tabo ya ragu. A ƙarshe suka ƙara rairaya: a riƙa ɗiga wani ruwa da ƙwayoyin ba sa so, manya su fara kwantawa, a kwashe su, a sake. Da haka suka sami jerin girma daga nanomita 1.2 zuwa 11.5, kuma a kowace kwalba bambancin girma bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙwayar nanomita 2 ba ta wuce zarra ɗari da 'yan kai ba, ta 6 kuwa wajen 4,000. Ana maganar a ƙidaya bulo ne a ginin da ba a gani.

Kada mai karatu ya ɗauka girkin daɗi ne. Haɗin kadmiyum da suka yi amfani da shi yana cikin mugayen dafin da aka sani a ɗakin bincike, ba ya kuma jituwa da iska ko danshi. Sai a 2001 Xiaogang Peng na Jami'ar Arkansas ya nuna cewa garin kadmiyum mai sauƙin riƙewa zai yi aikin, abin da ya buɗe wa ƙananan jami'o'i ƙofa.

Girma ya daidaita, amma hasken ya rage. A ƙwaya mai wannan ƙanƙanta kaso mai yawa na zarrar a waje suke, a fatar jiki, da hannuwa a sake ba abin kamawa, kuma nan ilektaron ke faɗawa ya ɓace ba tare da ya ba da haske ba. A 1996 Margaret Hines da Philippe Guyot-Sionnest na Jami'ar Shikago suka yi wa ƙwayar riga: siririn ɓawo na tutiya da farar wuta, mai giɓi mafi faɗi, wanda ke tsare ilektaron a ciki. Da wannan rabin hasken da aka zuba ya riƙa dawowa. Na yanzu masu kyau kusan duka suke mayarwa. A 1996 ɗin dai mutanen Brus da na Bawendi suka sa ido a kan ɗigo ɗaya tak ta madubin ƙara girma, suka ga abin da ba wanda ya zata: yana ƙyaftawa. Ya kama, ya mutu, ya kama, ba tsari, kamar maƙesu a daren damina, alhali fitilar da ke haska shi ba ta motsa ba. A taro ba a lura, domin in wannan ya mutu wancan na ci. An yi shekaru ana ƙara kaurin riga kafin a shawo kan wannan hali.

Sai maganar siffa, wadda a wajena ta fi komai daɗin ji, domin datti ne ya buɗe ta. Paul Alivisatos, wanda shi ma ya zauna gaban Brus a Bell Labs, yana da nasa ɗakin bincike a jami'ar Berkeley. Aka lura cewa sinadarin nan mai maiƙo, mai araharsa da ba a tace sosai ba ya fi tatacce ba da sakamako. Ashe akwai wani ɗan gurɓi a ciki da ke riƙe wasu fuskokin kiristal ya bar wasu. Kiristal na kadmiyum da seleniyum yana da kai da gindi, ba kamar ƙwallo ba. In ka toshe masa gefuna ka bar kai, sai ya miƙe ya zama sanda. A 2000 suka buga wannan: suka riƙa zuba irin gurɓin da gangan, gwargwado, suna samun sanduna gajeru da dogaye. Kauri ne ke yanke launin sanda, ba tsawo ba, tunda ta nan aka matse tsirkiyar, kuma haskenta na kaɗawa ne bisa tsawonta, ba ta ko'ina ba. Da suka juya girkin kuma sai ga mai ƙafa huɗu: cibiya mai wani irin jeri, rassa huɗu masu wani jerin sun tsiro daga fuskokinta, kamar ƙayar tsidau. A 2008 Sandrine Ithurria da Benoît Dubertret a Faris suka fitar da masu fale-fale kamar takarda, waɗanda kaurinsu ake ƙirgawa da layin zarra, huɗu ko biyar, ba ƙari ba ragi. Tunda kauri ɗaya ne a duk kwalbar, launinsu ya fi na kowa tsabta.

Me aka yi da su? A 1998 ƙungiyoyi biyu, ta Alivisatos da ta Shuming Nie, suka liƙa su a jikin sassan ƙwayoyin halitta don a riƙa gani a madubi, domin ba sa saurin kodewa kamar rinin da aka saba. Amma kasuwa a talabijin ta buɗe. A 2013 Sony ta fitar da akwatuna masu ɗigon kwantum na wani kamfani da ya tsiro daga MIT, Samsung ta biyo a 2015. A bayan allon akwai fitilu masu shuɗin haske, a gabansu falle ɗauke da ɗigo iri biyu: ƙanana su mayar da wani kaso na shuɗin kore, manya su mayar da wani ja. Daga ukun nan ake haɗa duk launin da ke allo, kuma tsabtar koren ce ke sa ciyawar filin ƙwallo ta yi shar a gidan kallo. Sunan QLED da ake mannawa a kwali ya ɗan yi zuƙu, a ganina: yana sa mutum ya zaci ɗigon ne fitilar, alhali juya hasken wata fitila kawai yake yi. Kadmiyum kuma dafi ne, dokar Tarayyar Turai ta taƙaita shi ƙwarai a kayan lantarki, shi ya sa Samsung ta zaɓi haɗin indiyum da fosfaras, wanda ya fi wuyar girki.

Kafin a yi wa zamani kirari, ga wani abu. A 2006 Philippe Walter da abokansa a Faransa suka gwada wani tsohon rinin gashi na zamanin Girkawa da Rumawa: garin dalma da farar ƙasa da ruwa. Suka sa wa gashi, ya yi baƙi, suka yanka suka duba. A cikin silin, dalmar ta haɗu da farar wutar da ke jikin gashin kansa, ta haifi ƙananan kiristal masu faɗin wajen nanomita 5. Haɗin dalma da farar wuta shi ne dutsen da aka daɗe ana niƙawa a yi kwalli, abin da ya sa likitoci ke gargaɗi a kan sa wa jarirai. Tsofaffin Rum masu ɓoye furfura sun shekara 2,000 da fara noma irin waɗannan ƙwayoyi a kawunansu.

Ranar 4 ga Oktoba 2023, da sassafe, wani saƙon imel ya fita daga Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin zuwa gidajen jaridun ƙasar, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci kyautar Nobel ta kemistiri: Bawendi, Brus, Ekimov. Saura wajen awa huɗu a yi sanarwa, mambobin cibiyar ba su ma zauna sun kaɗa ƙuri'a ba. Gidan da ke rufe takardunsa shekara 50 kafin a buɗe ya yi suɓul da baka. Jaridu suka buga, jami'an cibiyar suka yi ta cewa ba a yanke hukunci ba tukuna, duniya ta yi ta jira da sunaye a hannu. A Amurka dare ne. Bawendi na barci bai san wainar da ake toyawa ba, sai kiran Sitokhom ne ya tashe shi. Brus ya ji waya na ta ƙara ya ƙi ɗauka, don barci yake nema. Da lokaci ya yi aka karanta sunayen nan uku, aka jera kwalabe masu haske a gaban 'yan jarida, aka ce za su raba kurona miliyan 11. Ekimov a lokacin ya shekara 24 a Amurka, inda ya koma a 1999 yana aiki da wani kamfani a New York.

Dokar Nobel ba ta yarda a wuce mutum uku ba, don haka sunan Alexander Efros bai fito ba, ko da yake a 2006, da ƙungiyar masana haske ta Amurka ta ba da kyautarta a kan wannan aiki, shi da Ekimov da Brus ta haɗa. Efros ya bar Tarayyar Sobiyet tana gab da rushewa, kuma a shekarun 1990 ya kama aiki a ɗakin binciken rundunar sojan ruwa da ke Washinton, gidan da Brus ya bari a 1973. Shekara biyu kafin kyautar Nobel, a 2021, Efros da Brus sun zauna sun rubuta tarihin ɗigon kwantum tare, a maƙala ɗaya, sunan Efros a gaba.